Allurar idon Hajiyarmu ashe maganin kansa ce, wa zai fitar da ni duhu?

Abban Hanifa: Salam jama'a. Don Allah masana lafiya na gidan nan ku taimaka min. Wata huɗu kenan ana yi wa Hajiyarmu allura a ido, eh cikin ƙwayar idon kanta, saboda ciwon suga ya taɓa mata gani. Jiya da muka je na leƙa takardar na ga an rubuta Avastin, da na dawo gida na buga sunan a waya sai ga shi wai maganin kansar hanji ne. Wallahi ban yi barcin kirki ba. Ko dai akwai abin da likitocin suka gani suke ɓoye mana? Ita dai ta ce ganinta ya ɗan washe, har ta koma karanta Alƙur'aninta mai manyan baƙi, amma ni hankalina bai kwanta ba. Me ya haɗa hanji da ido fisabilillahi?

Maman Walid: Wa alaikassalam. Kwantar da hankalinka ƙanina, ba abin da ake ɓoye maka. Ni nas ce, na daɗe a sashen ido, kusan kullum sai an yi wannan allurar. Ɗan mitsitsi ake zuƙa, miligiram 1.25 kacal daga kwalba mai miligiram 100. Suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke bayan ido, su riƙa yoyo, wasu sababbi marasa ƙwari kuma su tsiro barkatai, to allurar ita ke taka musu birki. Allah ƙara wa Hajiya lafiya.

Abban Hanifa: Amin Anti, na gode. Amma har yanzu ban gane me ya kawo kansa cikin maganar ba.

Likitan Ƙauye: Jijiyar jini ce ta haɗa su Abban Hanifa. Ka ba ni minti biyar tunda yau ba ni da aikin dare, don labarin nan ina jin daɗinsa. Akwai wani likitan tiyata Ba'amurke, Judah Folkman, an haife shi a Cleveland a 1933, babansa malamin addinin Yahudu ne. Ya gama karatun likita a Harvard a 1957, sai a 1960 aka ɗauke shi aikin sojan ruwa, aka ajiye shi a Bethesda shi da wani abokin aikinsa Fred Becker, aka ce su nemo abin da zai iya maye gurbin jini a jiragen yaƙi da ke daɗewa a teku. Cikin gwaje-gwajensu suka ciro halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, daga jikin dabba, suka raya ta a cikin gilas da ruwan da suka haɗa, sannan suka dasa mata ƙwayoyin kansa. Ƙarin ya fara girma, da ya kai kamar kan allura, milimita 1 zuwa 2, sai ya tsaya cak. Bai mutu ba, bai kuma ƙara ba. Da suka cire shi suka mayar jikin ɓera mai rai sai ya kumbura kamar an yi masa famfo. Bambancin me? A jikin ɓera jijiyoyin jini sun shiga cikinsa, a gilas ko ɗaya babu.

To daga nan mutumin nan bai sake sakin maganar ba har ya mutu. A 1971 ya fitar da takarda a mujallar likitoci ta New England yana cewa ƙari ba ya wuce wannan ɗan girman sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyi, kuma akwai wani sinadari da yake fitarwa yana kiransu, kuma in aka toshe wannan kiran za a iya barinsa da yunwa. Kamar sabuwar unguwa ce a bayan gari, gida biyu uku za su rayu da ruwan 'yan garuwa, amma ba za ta zama gari ba sai an ja mata famfo. Kansa ita da kanta take jan famfon, ta ɓarauniyar hanya.

Sarkin Musu: Likita ka iya ba da labari wallahi, amma ka faɗa musu ƙarshensa mana. Shekara hamsin da wani abu da wannan magana, an daina mutuwa da kansa ne? Ni fa duk lokacin da na ji an ce Bature kaza ya gano kaza sai in tambaya, to ina sakamakon a ƙasa?

Likitan Ƙauye: Sarki ka bari in kai gaɓa mana, ko faɗuwa ce ai sai an kai ƙasa.

Ɗalibar Samaru: Yaya Likita bari in ɗan saka baki, mun yi wannan a aji zangon da ya wuce. Abin da ya fi burge ni shine yadda aka yi ta yi masa dariya. Masana na lokacin cewa suke jijiyoyin da ake gani a jikin ƙari ai kumburi ne kawai irin na ciwo, kuma shi likitan fiɗa ne, me ya sani a bincike, ya koma ɗakin tiyatarsa. Alhali dai fiɗar ce ta sa ya ga abin da su ba sa gani, shi da hannunsa yake taɓa ƙari yana ja jawur jini na zuba, su kuwa a kan gilas suke ganinsa bayan ya mutu ya yi fari. Kuma ba ƙaramin mutum ba ne fa, yana da shekara 34 aka ba shi shugabancin tiyata a asibitin yara na Boston a 1967, a 1981 ya ajiye kujerar don ya zauna a ɗakin bincike gaba ɗaya. Gwajin da ya fi tsaya min a rai shine na idon zomo. Fatar nan mai haske ta gaban ido ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, to sai su dasa ɗan guntun ƙari a ciki, bayan kwanaki sai ka ga jijiyoyi sun taso daga gefen ido sun nufo shi kamar tururuwa ta ji suga, da sun iso sai girma ya fara. Gani ya kori ji.

Baba Mai Ritaya: 'Yata Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani yadda ko ni tsoho na gane. Amma ina da tambaya. In jiki yana da abin da ke kiran jijiya, ai dole yana da abin da ke korarta, in ba haka ba da duk mun zama jijiya. Ko na yi kuskure?

Ɗalibar Samaru: Baba wallahi tambayar da su ma suka yi kenan. Shi ya sa suka koma kan guringuntsi, don shi ma ba jijiya a cikinsa. Wani matashin injiniya Robert Langer ya shigo ɗakin binciken a 1974, ya yi ta kankare guringuntsin 'yan maruƙa daga mahauta yana neman sinadarin da ke hana jijiya tsirowa, a 1976 suka nuna akwai shi. A 1974 ɗin ne ma kamfanin Monsanto ya sa wa Harvard dala miliyan 23 a kan wannan aiki, abin har ya tayar da ƙura, ana cewa jami'a ta sayar da kanta.

Alhaji Mai Sa'a: Alhamdulillah gaskiya ta yi halinta. Ni ina da kafso na guringuntsin kifin shak daga waje, shi wannan kifi baya kansa kwata kwata, duk mai bukata ya min magana ta akwati, akwai ragi ga yan gida

Maman Walid: Alhaji don girman Allah kar ka fara. Wannan dandali akwai masu jinya a ciki.

Likitan Ƙauye: Alhaji da girmanka, amma wannan ba gaskiya ba ce. Na ɗaya kifin shak yana yin kansa, an gani an rubuta. Na biyu an gwada maganin da aka tato daga guringuntsinsa a kan masu kansar huhu, gwaji babba, bai ƙara wa kowa kwana ba. Abin da aka gani a idon zomo daban, abin da za ka haɗiya ciki ya narkar da shi kamar ganda daban. Tun shekarun 1990 'yan kasuwa suka hau kan aikin Folkman suna cin abinci da shi, mutane suna barin asibiti suna bin kafso har lokaci ya ƙure. Admin a duba wannan don Allah.

Sarkin Musu: Yauwa, a nan ni da Likita mun haɗu. Amma ku tsaya, shi kansa Folkman ɗin fa ba a yi irin wannan da sunansa ba? Ni na karanta abin da ya faru a 1998. Ran 3 ga Mayu jaridar New York Times ta buga a shafin farko cewa magunguna biyu daga ɗakin bincikensa, angiostatin da endostatin, sun share kansa a jikin ɓeraye, har aka ambato James Watson mai lambar Nobel yana cewa Folkman zai warkar da kansa cikin shekara biyu. Washegari hannun jarin EntreMed, kamfanin da ke aikin haɗa magungunan, ya tashi daga wajen dala 12 ya haura 80 kafin ya sauko. Marasa lafiya suka yi ta kiran waya suna kuka a ba su maganin da ko mutum ɗaya ba a gwada wa ba. Da aka zo gwadawa a jikin mutane kuma shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. To menene bambancinsa da Alhaji, in ba digiri ba?

Ɗalibar Samaru: Haba Yaya Sarki, wannan kwatancen ya yi tsauri. Ba shi ya rubuta jaridar ba, kuma Watson daga baya ya ce ba haka ya faɗa ba. Shi Folkman abin da ya ce a lokacin ma ai ba'a ce, wai in kana da kansa kuma kai ɓera ne, to za mu iya kula da kai sosai. Mai son yaudara ba zai faɗi haka ba.

Sarkin Musu: Ƙanwata ba'a ba ta dawo da kuɗin wanda ya sayi hannun jari, ba ta kuma share hawayen wanda aka sa wa rai.

Likitan Ƙauye: Gaskiyarka a nan Sarki, ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Endostatin bai yi abin da aka zata ba, wasu ɗakunan bincike ma sun sha wahala kafin su iya maimaita sakamakon ɓerayen, furotin ne mai wuyar haɗawa mai saurin lalacewa. A Amurka bai samu izini ba, sai a Sin ne aka amince da wani nau'insa da aka gyara, Endostar, a 2005 don kansar huhu. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar ita ce tunanin nasa daidai ne ko kuskure? Kuma amsar ta fito ne daga wani waje daban. A 1983 Harold Dvorak da Donald Senger a Boston suka ga wani furotin da ƙari ke fitarwa mai sa jijiya yoyo. A 1989 wani ɗan Italiya, Napoleone Ferrara, a kamfanin Genentech ya tace furotin mai sa jijiya tsirowa ya sa masa suna VEGF, ashe abu ɗaya ne da na su Dvorak. A 1993 suka nuna in ka toshe shi ƙari yana rage girma a ɓera, daga nan aka ƙera Avastin, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Fabrairun 2004. Shekara 33 bayan takardar da aka yi wa dariya.

Sarkin Musu: To faɗa musu kwana nawa ya ƙara.

Likitan Ƙauye: Zan faɗa, ba na ɓoye lissafi. A gwajin kansar babban hanji da ta bazu, waɗanda aka ba kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, shi kaɗai matsakaicin abin da suka rayu wata 15.6 ne, waɗanda aka haɗa wa da Avastin wata 20.3. Bambancin kusan wata biyar kenan.

Sarkin Musu: Kun ji ko. Shekara 33, biliyoyin dala, wata biyar. Kuma ku ƙara da cewa an ba shi izinin kansar mama a 2008 aka janye a 2011 saboda bai ƙara kwana ba ga illa, hawan jini, zubar jini, har hanji yana iya hujewa.

Maman Walid: Sarki ni dai ba zan yi musun lissafi da kai ba, amma ka taɓa zama da mai jinya da aka ce masa saura kaɗan? Yayata da ta rasu, burinta kawai ta ga auren 'yarta, sati shida ya rage ba ta kai ba. Kar ka raina wata biyar a gaban wanda yake ƙirga kwanaki. Abin da zan yarda da kai shine kuɗin, don a nan mutum sai ya sayar da gona da fili kafin ya yi zagaye biyu uku, kuma likita ya kamata ya faɗa wa dangi gaskiya tun farko cewa wannan ba warkewa ba ce jinkiri ne, su yi shawara da idonsu a buɗe.

Sarkin Musu: Allah ya jiƙanta Anti, ya sa ta huta. Ban faɗa don in taɓa ki ba.

Maman Walid: Amin, na sani.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ban gane ba, mi ya sa in an datse ma ƙari abinci bai mutuwa gaba ɗai? Ko gari aka yi ma ƙawanya aka hana shiga da hatsi ai sai ya faɗi.

Ɗalibar Samaru: Malam ai kansa ta fi gari wayo. Ka toshe VEGF sai ta koma kiran jijiya da wasu sinadaran, kamar FGF, wanda ma a ɗakin binciken Folkman ne Michael Klagsbrun da Yuen Shing suka tace shi daga ƙari a 1984. Wata kuma ba ta ma damu da jan sabon famfo ba, sai ta nannaɗe tsofaffin jijiyoyin da ta tarar a huhu ko ƙwaƙwalwa ta ci gaba da sha. Ka toshe nan ta ɓulle can. Sannan akwai wani abin mamaki da Rakesh Jain na Harvard ya kawo a 2001, ya ce wataƙila ma maganin ba yunwa yake sa wa ƙarin ba, gyara jijiyoyin yake na ɗan lokaci, don jijiyoyin kansa a karkace suke masu yoyo, in an ɗan daidaita su sai kemo ya samu hanyar shiga. Wato an tafi da niyyar fasa famfo sai aka ga ashe gyaran famfon ne ya yi aiki. Malaminmu ya ce shi ya sa Avastin shi kaɗai ba ya wani abin kirki a yawancin kansa sai an haɗa shi da wani.

Likitan Ƙauye: Kuma haɗin bai tsaya ba. A 2020 aka amince da Avastin tare da wani maganin garkuwar jiki, atezolizumab, don kansar hanta, ya fi wanda ake bayarwa a da. Wannan ya shafe mu kai tsaye don kansar hanta tana cin samarinmu saboda ciwon hanta nau'in B, duk da dai mu a nan rigakafin jarirai da gwajin jini sun fi mana araha nesa ba kusa ba. Ga kuma thalidomide, maganin da ya sa aka haifi yara sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa wajen 1960, a 1994 Robert D'Amato a ɗakin Folkman ya nuna yana hana jijiya tsirowa, wannan ya sa aka gwada shi a kansar ɓargo, ya kuma yi aiki, ko da yake daga baya an gano ba ta hanyar jijiya kaɗai yake yi ba.

Abban Hanifa: Jama'a ina biye da ku tiryan-tiryan amma ku dawo da ni kan idon Hajiya.

Likitan Ƙauye: Afuwan, mun yi nisa. Ai idon ne ma inda abin ya fi yin kyau. VEGF ɗin da kansa ke kiran jijiya da shi, shi ne bayan ido ke fitarwa in suga ya hana shi samun isasshen oksijin. A ido kuma babu wayon kansa, ka toshe shi yoyo ya tsaya kumburi ya sauka. Genentech sun yi wani na musamman don ido, Lucentis, ya fito a 2006, allura ɗaya wajen dala 2,000. Amma tun 2005 wani likitan ido a Miami, Philip Rosenfeld, ya gwada ɗan ɗigon Avastin a ido ya ga yana yi, shi kuma wajen dala 50. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin gwada su kafaɗa da kafaɗa a kan tsofaffi masu lalacewar tsakiyar gani, sakamakon 2011 ya nuna kusan ɗaya suke. Shi ya sa asibitocinmu suke amfani da shi, kwalba ɗaya ta ishi mutane da yawa. Ba don haka ba da Hajiya da ire-irenta sai dai a ce a yi haƙuri.

Baba Mai Ritaya: Ikon Allah. An fita farautar zaki an dawo da abin da ya fi amfanar gida. To amma ni yanzu wa zan yi wa godiya, Folkman ko ɗan Italiyan? Don naga kamar kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Ɗalibar Samaru: Baba ni a ganina ba wanda ya ci haƙƙin wani. Ferrara ya samu lambar Lasker, babbar lambar yabo ta binciken likitanci, a 2010 kuma ya cancanta, shi ya kamo ɓarawon da hannunsa. Folkman shi ya yi shekaru yana ihu akwai ɓarawo ana ce masa mafarki yake.

Sarkin Musu: Ni kuma a ganina da Ferrara bai samo VEGF ba da yanzu ba wanda ya san sunan Folkman sai a matsayin mai taurin kai. Sa'a ce ta rufa masa asiri.

Likitan Ƙauye: Shi da kansa ya sha faɗin cewa tsakanin naci da taurin kai siririn zare ne, kuma ba ka sanin wanne kake yi sai daga baya. Amma sa'a ba ta horar da ɗalibai Sarki, je ka duba mutum nawa suka fito daga ɗakin nan, Langer kaɗai ya isa misali. Kuma tun yana sojan ruwa ya gano robar silikon tana sakin magani a hankali, abin da aka gina ashanar tazarar haihuwa ta Norplant a kai, wadda aka riƙa sa wa mata a dantse. Ya rasu ran 14 ga Janairun 2008 a filin jirgin saman Denver, yana kan hanyar zuwa taro a Vancouver zai gabatar da jawabi, yana da shekara 74.

Sarkin Musu: Naji, amma wata biyar dai wata biyar ne, ban janye ba.

Abban Hanifa: Na karanta wa Hajiya wasu daga cikin bayananku, ta yi dariya ta ce wato ita da zomo aka haɗa. Anti Maman Walid, ranar Alhamis za mu koma allura ta biyar, akwai abin da ya kamata mu kula da shi?

Maman Walid: Ka gaishe min da ita. Kar ta murza idon, maganar ruwa da alwala kuma ku tambayi likitan da ya yi mata kwana nawa za ta kiyaye. Ɗan ja a inda allura ta shiga ba komai, amma in idon ya kama ciwo sosai ko gani ya ragu ko ya fara ruwa, ko tsakar dare ne ku koma, kar ku jira gari ya waye. In ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya a faɗa wa likita kafin a yi. Kuma sugan nan da hawan jini a riƙe su da kyau, in ba haka ba ana ɗinki yana warwarewa ne.

Abban Hanifa: To ai nan ɗin ne rigimar, an hana ta shayi mai suga ta koma aiken jikoki su sayo mata alewar madara a ɓoye.